Kafin A Harba, A Yi Shela

Duk wanda ya saba bin hanyar Gwarzo daga birnin Kano ya san barikin Janguza. Da ka wuce sabuwar jami'ar Bayero da 'yar tafiya kaɗan za ka gan shi a bakin titi, kafin ka miƙe Rimin Gado, ka ratsa ƙasar Kabo, ka sauka Gwarzo. Shekara da shekaru iyakar sanin da mutumin Kutama ko na Getso ya yi wa soja ke nan: ƙofar bariki da ake wucewa a mota, direba ya rage gudu, fasinjoji su rage murya, a wuce. Yanzu al'amarin ya sauya. Tun daga ƙarshen 2025, da 'yan bindiga suka matsa wajen tsallako iyakar Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, motar soja ta daina zama baƙuwa a yammacin Kano, kuma babu mai hankalin da zai ce ba ya maraba da ita. Shanono maƙwabciyar Gwarzo ce. Abin da ya hana mutanen Faruruwa barci ba zai bar na Lakwaya da Kutama su yi minshari ba.

To, inda soja ya yawaita atisaye zai biyo baya, domin sojan da ba ya gwaji ba shi da amfani ranar da aka buƙace shi. Wannan ba abin musu ba ne. Abin da nake so mu tattauna tun bai zama labarin jaje ba shi ne yadda za a yi gwajin, da wanda za a gaya wa, da kuma lokacin da za a gaya masa. Ra'ayina a taƙaice: duk atisayen da za a yi inda mutane ke kwana, ko inda za su jiyo ƙararsa daga ɗakunansu, ba tare da an sanar da su ta hanyar da za su ji ba, ɓarna ce ga tsaron da aka ce ana gwajin dominsa.

Mu fara da kunne. Mutumin da ke kwance a ɗakinsa ƙarfe biyun dare ba ya ganin komai, ji kawai yake yi. In ya ji ruwan harsasai daga bayan gari, ba shi da hanyar da zai bambance na gwaji da na kisa, kuma ba zai tsaya bincike ba. Uwa za ta saɓa ɗaya a baya ta ja biyu a hannu. Maigida zai rasa ko turken shanu zai nufa ko ɗakin tsohuwarsa da ba ta iya tafiya. Samari za su haura katanga su faɗa cikin dawa. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da makaho, kowa da irin abin da daren zai bar masa. Da safe sai a ce ai sojoji ne ke rawar daji, ba a taɓa kowa ba. An taɓa mana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mutanen wannan yanki ba su rasa dalilin gudu ba: Ƙanƙara, inda aka kwashi ɗalibai sama da 300 a daren 11 ga Disamba, 2020, ba wata uwa duniya ba ce daga Gwarzo in ka bi ta Dayi da Malumfashi. Na birni kuma suna da 20 ga Janairu, 2012, ranar da aka kashe mutum kusan 185 a Kano cikin yammaci ɗaya.

Firgici da kansa yana kisa, kuma Najeriya ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. Ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja a Legas ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi. Ba atisaye ba ne, hatsari ne, amma abin lura shi ne yadda mutane suka mutu. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba. Gudu suka yi cikin duhu ba su san me ke faruwa ba, wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ne ya ɓarke, har suka afka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyayi suka rufe samanta, na baya na danne na gaba. Yara ne da yawa daga cikinsu. Rashin wanda zai fito da wuri ya ce ga abin da ake ciki, ku nufi can, kada ku nufi can, shi ya cika wannan ruwa da gawarwaki.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne abin da ya faru a jami'ar Strathmore da ke Nairobi ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Wata bakwai da 'yan kai kafin nan 'yan al-Shabab sun kashe mutum 148 a jami'ar Garissa. Sai hukumar Strathmore da jami'an tsaro suka shirya gwajin yadda za a yi in an kawo hari, aka shigo da mutane da shigar mahara ana harbe-harbe, alhali yawancin ɗalibai da ma'aikata ba su san wasa ba ne. Mutane suka riƙa dirowa ta tagogin bene. Wata ma'aikaciya ta rasu, gommai suka ji rauni, wasu da karaya. Waɗanda suka shirya gwajin nan ba mugaye ba ne, so suke su ga yadda mutane za su yi in abin ya zo da gaske. Sun kuwa gani.

Hujjar da masu son a yi shiru ke kawowa ke nan ko'ina a duniya: in an sanar, gwajin ba zai yi kama da gaske ba. Amma wa ake gwadawa? In sojan ake gwadawa, kwamandansa na iya ɓoye masa rana da sa'a, ya tashe shi tsakar dare, wannan tsakaninsu ne. Matar da ke daka a Kutama ba ta shiga aikin soja ba, ba ta sa hannu a takardar kowa ba, ba a biyan ta alawus na firgita. Sanar da ita ba ya rage wa kurtu komai a cikin horonsa.

Akwai haɗari na biyu wanda na fi jin tsoro a yankinmu, kuma shi ya fi shafar sojojin su kansu. A watan Fabrairun 2002, a jihar North Carolina ta Amurka, sojojin ƙundumbala na yin wani atisaye da suka daɗe suna yi a cikin garuruwa da gonakin farar hula, mai suna Robin Sage. Wani ɗan sanda ya tsayar da wata mota ɗauke da sojoji biyu cikin kayan gida. Shi bai san da wani atisaye ba, su kuma sun ɗauka yana cikin wasan. Ya harbe su, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ji mummunan rauni. Bayan nan ne rundunar ta tsaurara ƙa'idar sanar da 'yan sanda da jama'ar yankin kafin a fara. Yanzu ka ɗauko wannan ka ajiye a ƙauyen da ke kusa da iyakar Katsina, inda 'yan sintiri da mafarauta ke kwana a bakin gari da bindigar toka, zukata a ɗar-ɗar, kowa na jiran ranar da za a zo. Mutane ɗauke da makamai su ɓullo daga cikin gona da daddare ba sanarwa. Wa zai fara harbi? In kuma ɗan sintiri ya harbi soja, wa ya san abin da zai biyo baya kafin gari ya waye? Ba sai na faɗa ba, duk mun san yadda irin wannan rana ke ƙarewa ga ƙauye.

Wani zai ce ai suna sanye da kaki, za a gane su. Kaki ya daina zama shaida a Arewa tun tuni. Waɗanda suka kwashi 'yan matan Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014 da kayan soja suka zo, suka ce wa yaran sun zo ne su cece su. 'Yan bindigar dazukan Zamfara da Katsina kuwa hotunansu na yawo a wayoyi, da yawansu cikin kakin da ba ka iya raba shi da na gwamnati. Saboda haka talaka ya koyi kada ya yarda da tufafi. Abin da ya rage masa shi ne labari: in mai unguwa ya ce masa gobe da jibi sojoji za su yi gwaji a fili kaza daga hantsi zuwa la'asar, to ya san waɗanda ya gani a wannan wuri a wannan lokaci na gwamnati ne, waɗanda ya gani a wani wuri ko a wani lokaci kuma abin a buga waya ne.

Daga nan ne haɗari na uku ke fitowa, wanda ba a cika ambatonsa ba don ba ya zubar da jini nan take. In aka firgita gari sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kullum da safe a ce gwaji ne, ranar da za a zo da gaske wani zai juya a shimfiɗarsa ya ce sojoji ne, ku kwanta. Duk tsarin tsaron ƙauye a kan abu ɗaya ya dogara, wato mutane su ji abin da ba su saba ji ba su yi maza su kai rahoto. Kwamandojin da ke roƙon jama'a kullum a rediyo su riƙa ba da bayanai, su ne ya kamata su fi kowa kishin kada a lalata wannan kunne.

Sai dai a yi wa soja adalci ta fuska biyu. Ta farko, akwai bambanci tsakanin samame da gwaji. In an samu labarin maɓoyar ɓarayi za a kai musu farmaki, babu mai cewa a yi shela a kasuwa, don masu kai musu rahoto na nan cikinmu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Matsalar ita ce rundunar sojan ƙasa ta daɗe tana haɗa biyun a tukunya ɗaya. Harbin Kunama, wanda Shugaba Buhari ya je Dansadau ya ƙaddamar a watan Yulin 2016 sanye da kakin soja, da kashinsa na biyu da ya shafi dajin Falgore da kudancin Kaduna a 2017, da Rawar Mesa ta kudu maso gabas, duk da sunan atisaye aka kawo su, tare da bayanin cewa in an ci karo da miyagu za su rikiɗe su zama farmaki na gaske. A daji wannan na iya yin ma'ana. A cikin gari kuwa yana nufin ba wanda zai iya riƙe kowa da alhaki: in an yi ƙorafin rashin sanarwa a ce aikin sirri ne, in an yi ɓarna a ce gwaji ne aka samu kuskure. Ya kamata kowane fita ya zama yana da suna ɗaya tun kafin a bar bariki, kuma in gwaji ne, sirrin da ke cikinsa bai wuce dabarun da za a gwada ba. Wuri da rana ba sirri ba ne.

Ta biyu, ba a ce ba sa sanarwa sam ba. Birged ta 3 da ke barikin Bukavu ta saba fitar da sanarwa in za ta yi gwajin harbi a filinta na Hawan Kalibawa da ke ƙasar Dawakin Tofa, tana gargaɗin manoma da makiyaya su nisanci wurin, tana cewa kada jama'a su firgita in sun ji ƙara. Wannan abin a yaba ne, kuma shi ne hujjata mafi ƙarfi: tunda ana iya yi a can, ana iya yi ko'ina. Tambayar ita ce ina sanarwar ke tsayawa. Takardar da kakakin runduna ya sa wa hannu da Turanci, aka tura wa 'yan jarida, ta fito a shafin intanet, ta isa ga ma'aikacin da ke zaune a ofis a Kano. Ba ta isa ga yaron da ya kora shanu tun asuba ba, ba ta isa ga matan da suka fita itace ba. A wajena sanarwar da wanda abin ya shafa bai ji ba, ba a yi ta ba, an dai rubuta ta ne don a samu abin nunawa in an shiga uku.

Abin haushin shi ne hanyoyin isar da saƙo a ƙasar Hausa ba sai an ƙirƙiro su ba. Daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa saƙo na iya zaga gunduma cikin yini guda, haka ake yi in za a yi rigakafin shan inna ko rajistar zaɓe. Akwai sanƙira, akwai lasifikar masallaci, akwai limamin Juma'a wanda jimla biyu daga bakinsa bayan sallama ta fi takarda goma. Akwai Rediyon Kano da Freedom da sauran tashoshin da manomi ke rataye da su a gona. A faɗa da Hausa, a faɗa da Fulatanci saboda rugage, a kira ardo a gaya masa baki da baki. A gaya wa shugaban makaranta, don kada yara su watse cikin daji in sun ji ƙara ana tsakiyar darasi, a gaya wa babban asibitin Gwarzo ya zauna da shiri, a gaya wa baturen 'yan sanda, sannan kafin kowa a zaunar da shugabannin 'yan sintiri da na mafarauta. Duk wannan bai kai kuɗin man mota ɗaya daga cikin ayarin ba.

In ba a cike wannan gurbi da gaskiya ba, jita-jita za ta cike shi, kuma ita ba ta jiran izini. A watan Oktoban 2017, ana tsakiyar Rawar Mesa kashi na biyu, sojoji suka fita aikin duba marasa lafiya kyauta a kudu maso gabas, abin alheri. Sai magana ta bazu cewa suna shiga makarantu suna yi wa yara allurar da ke sa ƙyandar biri. Iyaye suka bar kasuwa da ofis suka ruga makarantu a Anambra da Imo da maƙwabtansu, yara na haura katanga, makarantu suka rufe. Ba gaskiya a cikin maganar ko ƙwaya ɗaya, amma ta samu ƙasa mai dausayi saboda ba a yi wa mutane bayani tun farko ba, kuma dama akwai rashin yarda. Yau da kowane matashi ke da WhatsApp a aljihu, muryar mutum ɗaya yana haki yana cewa sun shigo ta isa ta tashi ƙananan hukumomi uku kafin kakakin runduna ya gama neman izinin yin magana.

Rashin yardar nan kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen Arewa ba su manta da Tudun Biri ba, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a daren 3 ga Disamba, 2023, mutum aƙalla 85 suka rasu a ƙididdigar hukuma. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, kuma wannan ya yi kyau. Amma wanda ya san wannan labari, in ya ji jirgi na shawagi ƙasa-ƙasa a kan rufinsa da daddare, ba za ka ce masa ya kwantar da hankalinsa ba tare da ka gaya masa dalili ba. Ko a Amurka, da wani jirgin fadar shugaban ƙasa ya yi ƙasa-ƙasa a kan birnin New York ranar 27 ga Afrilu, 2009 don kawai a ɗauki hoto, ba a sanar da jama'a ba, mutane suka fice daga benaye a guje suna zaton 11 ga Satumba ce ta dawo, sai da jami'in da ya amince da shirin, Louis Caldera, ya ajiye aikinsa. Ba wanda ya mutu a ranar. Firgita mutane kaɗai ta isa ta ci kujerar babban jami'i. A nan kuwa sai a ce wa mutum ya gode Allah da ba a taɓa shi ba.

Sauran tambaya ɗaya da ta cancanci amsa: me ya sa ma sai a cikin gari? Sojoji za su ce yaƙin zamani a lunguna ake yin sa, Maiduguri da Bama sun koya musu haka, kuma wanda bai saba kutsawa zaure da soro da tsakar gida ba zai yi asarar rai ranar da ya shiga. Gaskiya ne. Amma ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci gina garin gwaji suke yi. Faransa na da irinsa a sansanin Sissonne, gari guda da tituna da benaye wanda ba kowa a ciki sai masu horo. Mu kuwa namu ya fi sauƙi, don abin da sojanmu ke buƙatar sabawa da shi katangar ƙasa ce da lungu da rumbu da dangar kara. Tun 2017 aka mayar da wani sashe na dajin Falgore filin horon soja, da goyon bayan gwamnatin Kano ta lokacin. Maginan gargajiya na Gwarzo ko Kabo za su tayar da ƙauye sukutum a can cikin rani ɗaya, a harbe shi, a rushe, a sake ginawa, su ma su samu na cefane. Ga kuma wata matsalar da ke tafe a hankali: barikokin da aka gina a bayan gari, gari ya cim musu. Bukavu yau a tsakiyar Kano yake, kuma duk mai bin hanyar Gwarzo yana ganin yadda gine-gine ke rarrafawa zuwa Janguza. Abin da ake yi a da ba wanda ya ji, yanzu a kunnen unguwa ake yin sa.

Tsarin mulkin 1999 a sashe na 217 ya ce in soja zai shigo harkar cikin gida, yana shigowa ne don taimaka wa hukumomin farar hula. Ma'ana akwai masu gida, kuma su ya kamata su yi magana. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna zaman kwamitin tsaro da jami'an soja da 'yan sanda da masu sarauta. A irin wannan zama ne ya kamata a rubuta yarjejeniya gajera, shafi ɗaya ya isa: ba gwajin harbi ko na jirgi kusa da gidaje sai an ba da sanarwar kwanaki, ba a ranar kasuwa ba, ba lokacin jarrabawa ba, ba cikin amfanin gona da bai isa girbi ba, in kuma an tattake wa mutum gona a san ofishin da zai je da wanda zai biya shi. A ba da lambar waya ɗaya da wani ke ɗauka da daddare, wadda dagaci zai kira ya tambaya, naku ne ko ba naku ba, a ba shi amsa cikin minti biyu. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gwarzo da Kabo na iya kai wannan gaban kwamitin sojan ƙasa na majalisar wakilai, a mayar da shi ƙa'idar da ta hau kan kowane kwamanda, ba alfarmar da wannan zai yi wancan ya ƙi ba, don kwamandoji sauya su ake yi, wanda ya san dagatai da sunayensu bana, baɗi yana Yobe ko Binuwai.